Ƙarfe Huɗun Jimi

Nakuru, 6 ga Yuni

Zuwa ga Karoki, aminina tun muna kiwon awaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar nan taka da ke hana ka zuwa coci amma ba ta hana ka zuwa kasuwa? Yaya Maman Gitau da sanyin Kinangop? Ka shafa mini wuyan saniyarmu Nyameni, ka ce tsohon maigidanta yana gaishe ta. Ina fata ba ta rage nono ba tun da ta koma garkenka.

Ni dai ina nan gidan 'yata Njambi. Ana ba ni magani a kan lokaci, an hana ni gishiri, an ba ni kujera a bakin taga in zauna in riƙa kallon katanga. Ba ni da abin kuka da su. Damuwar Jimi ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka san da na bar ƙauye bayan rasuwar matata Maman Njambi abu huɗu na ɗauko: akwatina, rediyo, bokitinta na tatsa, sai karen nan Jimi. Ka kuma san yadda ta saba masa. Ƙarfe huɗu take tashi tatsa domin madara ta isa bakin titi kafin motar ƙungiyar masu sayen madara ta wuce, ni ina riƙe da fitila, shi kuma yana zaune yana jiran kumfar da za ta zuba masa a murfin gwangwani. To, ga shi babu saniya, babu ita, amma ƙarfe huɗu bai san an yi rasuwa ba. Kullum sai Jimi ya tashi. Yakan fara da ɗan kuka ƙasa-ƙasa, sai karce ƙofa, sai haushi har karnukan unguwa su amsa.

Gidan haya ne, iyali biyar a tsakar gida ɗaya. Mai gidan, Maman Chebet, ta tare ni jiya a bakin famfo ta ce, "Baba, ni zakara na hana a gidan nan, ashe ka shigo mini da mai ƙafa huɗu." Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce zuwa ƙarshen wata, ko kare ya fita ko mu fita tare da shi.

Babu dabarar da ba mu gwada ba. Surukina Ndirangu ya rufe ɗakin karen da buhuna don kada ya ga haske, kamar da can rana yake jira. Njambi ta cika masa ciki da tuwon masara da yamma, ya cinye, ya kuma tashi a kan lokacinsa. Ni na kai shi yawo har bayan tashar jirgi don ya gaji. Ni ne na gaji. Wata rana na lallaɓa na ba shi madara don ya yi shiru, Njambi ta kama ni ta ce, "Baba, ai albashi ka fara biyansa ke nan!"

Ndirangu direba ne, kuma da idon da bai ƙoshi da barci ba yake ɗaukar mutane. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ya ce, "Baba, wani abu ke tayar da karen nan, ba haka kawai ba." Na ce masa tsufa ne.

Ka ba ni shawara, kai da ba ka rasa ta ko ba a tambaye ka ba.

Naka har kullum,
Gathogo

Nakuru, 29 ga Yuni

Karoki,

Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan ruwan bana bai ɓata muku dankali ba.

Na gode da ka ce a kawo Jimi. Ndirangu zai sauke shi a wurinka gobe tare da wannan takarda. Da farko Maman Chebet cewa ta yi akwai likitan dabbobi mai allurar da ke sa kare barcin da ba a tashi, wai ai ya tsufa. Ranar ko shayi ban sha ba.

Ba ya cin wake. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, sai ka kira shi ta dama. Kada ka ɗaure shi kwana ukun farko, ko da ya nufi tsohon gidanmu. Zai je ya shinshina kabarin Maman Njambi ya dawo. Ka ba Maman Gitau haƙuri tun yanzu a kan barcinta na asuba.

Ɗazu na yi masa wanka. Ya tsaya shiru yana kallona, irin kallon wanda aka yanke wa hukunci alhali ya san mai shaidar da ya ƙi magana. Kada ka tambaye ni abin da nake nufi.

Naka,
Gathogo

Nakuru, 18 ga Yuli

Aminina Karoki,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Maman Gitau. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, ina ta neman inda za ka ce wasa kake yi.

Ka ce Jimi barci yake har rana ta fito. Ka ce Maman Gitau tana tatsar Nyameni da huɗu a bokitin roba, a gabansa, ko kunne ba ya ɗagawa. Ka kuma tambaye ni, da wannan baƙar dariyar taka da nake ji ko a takarda, wai wane ne a cikinmu yake tayar da wani.

To, saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Tun da aka binne Maman Njambi ban taɓa wuce huɗu saura ina barci ba. Idona kan buɗe, in ji gefen gado babu kowa. Bokitinta yana ƙarƙashin gadona. Sai in miƙa hannu in ɗaga mariƙinsa in sake shi, ya ce ƙwal a jikin ƙarfen, kamar yadda yake yi in ta ɗauka za ta fita. Sau ɗaya kawai. Sai in ji kamar tana tsakar gida tana cewa, "Baban Njambi, fitilar fa, ko sai na aiko maka da takarda?" Ɗakin Jimi kuwa yana bayan tagata, kuma kunnensa na dama lafiyarsa ƙalau.

Na sani tun makon farko. Na bari aka rufe shi da buhu, aka zage shi, har aka yi zancen allura, duk don kada 'yata ta ji cewa ubanta yana wasa da bokiti a cikin duhu. Na yi ƙoƙarin dainawa. Kwana biyu na yi, a na uku hannuna ya tafi da kansa.

Yanzu gidan shiru. Maman Chebet har ayaba ta aiko mini. Ni kuma kullum in na saki mariƙin sai in kasa kunne, babu mai amsawa. Ashe shekara guda ba ni kaɗai nake jiranta ba, kuma wanda yake taya ni na kore shi.

Jiya na faɗa wa Njambi. Ta ce, "Baba, ka bari aka kori Jimi a kan laifinka?" Sai ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da na ce zan koma ƙauye ta ce sam, wa zai duba mini hawan jini, wa zai hana ni gishiri? Na ce Maman Gitau ta fi ta iya hana mutum jin daɗi. Har yanzu ba ta yarda ba, amma na ga ta wanke mini rigar sanyi ta shanya.

Ina zuwa ranar Asabar da motar safe. Ka share mini ɗakin da kake ajiye buhunan dankali. Zan zo da bokitin. Ka ce wa Maman Gitau ta bar mini tatsar asuba, ta huta.

Abu ɗaya ya rage. Shekara arba'in da ɗaya fitila kawai na riƙe, ban taɓa tatsa ba. Kai za ka koya mini, kuma kada ka yi mini dariya a gaban saniyar.

Ka kira Jimi ta dama, ka gaya masa ina neman gafara.

Naka har abada,
Gathogo