Turmin Inna Ya Koma Na Gahawa

Bani Harisa, Madina

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Malam da yara da mutanen Kano? Mu nan lafiya lau, tumbina ne kawai ke ci gaba.

Yaya, zauna tukuna. Ofishin al'adu na lardi ya shirya baje kolin kayan tarihi, suka bi unguwa suna aron tsofaffin kaya. Ƙanin nan naki mai rubuto miki, da karatunsa na aji uku, don son a ɗauke shi hoto, ya miƙa musu turmin Inna, wanda Baba ya sassaƙa mata a Sudan kan hanyarsu ta zuwa ƙasar nan.

Ranar buɗewa na sha sabuwar jallabiya, na ja 'yata Maryam. Muka tarar sun lafta masa fenti, wani ma'aikaci yana gaya wa baƙi wai turmin gahawar Larabawan ƙauye ne. Na ce, "Kai, gero ya daka! Da furarsa aka rene ni." Ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "kar ka taɓa." Maryam ta ja hannuna: "Yalla Baba, aib," wai mu tafi, abin kunya ne. Tir! Ko sunan Inna ba su ambata ba.

Na koma karɓa, wai ya zama na hukuma. Hoton ma ban samu ba.

Na san ke Inna ta bar wa shi. Ki yafe ni, ki sa Malam ya yi addu'a ya dawo. Taɓaryar dai na ɓoye ta, kafin su ce sandar kora raƙumi ce.

Gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Bala