Kwaɗon Dogo

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wata na biyu a tashar rarraba wutar lantarki. Shekara biyar a jami'a ina lissafin taransfoma a takarda, yau ga ni zaune kusa da ita, tana gurnani har kunnena ya saba. Ni kaɗai ce mace. Masu hawa turaku suna ce min "Injiniya", amma yadda suke jan kalmar ba girmamawa ba ce. Da na leƙa rumfarsu sai hira ta mutu. Sai in koma ofis in ci burodina, ni da fanka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mama ta kira, wai dutsen gugarta yana jan mutum. Iyakar amfanin digirina a gidanmu ke nan. Na ce mata lafiyata ƙalau, ko da yake ba ta tambaya ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Manaja ya tuna min cewa har yanzu gwaji nake, ƙarshen wata zai rubuta ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. In aka sallame ni, da wane ido zan kalli Yaya, da ya ajiye nasa karatun don in yi nawa?

Abu ɗaya nake so a wurin nan, ƙa'idar kwaɗo. Duk wanda zai hau layi, bayan an kashe babban makunni sai ya rataya kwaɗonsa a jiki, makullin a aljihunsa. Muddin kwaɗo ɗaya na nan, ba mai mayar da wuta, kuma mai shi kaɗai ke cire shi. Malaminmu na aji huɗu, mai ƙonannun yatsu, kullum cewa yake wuta ba ta san injiniya ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu



An gama gyaran layin kasuwa da rana, kowa ya cire kwaɗonsa, saura na Dogo, wanda ya fi kowa jan min "Injiniya". Wayarsa a kashe. Wani ya ce ya ga saukowarsa, wani ya ce kamar ya gani. Masu walda da masu ƙanƙara suka cika bakin ƙofa, ba irin zagin da ban sha ba. Manaja ya miƙo min almakashin yanka ƙarfe.

"Ke ce a kan aiki. Yanke shi ki ba mutane wuta."

"Yallaɓai, sai na ga Dogo da idona."

Ya ce taurin kai ne zai kai ni ya baro ni. Na ɗauki motar aiki na bi layin turke bayan turke, wuyana kamar zai karye don kallon sama. Babu kowa. A ƙarshe a asibiti na same shi, zaune a kan benci. Matarsa ce naƙuda ta kama, ya ruga da makullin a aljihu. Wuta ba ta dawo ba sai dab da magariba.

Wato da na yanke, ba abin da zai faru. Wannan ne ke cin raina.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba wanda ya kira. Mai ƙanƙarar layinmu ta ƙi amsa gaisuwata, kayanta duk sun narke. Na yi wanki, na share ɗakin da yake a share. Kaɗaici ya ishe ni, gaskiya.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na gaya wa Yaya komai. Ya ce: "Ƙanwata, dawo gida. Akwai kamfani a nan suna neman mai zanen wayarin ɗin lantarki, ofis ne mai sanyi, ba mai zagin ki." Za su rufe karɓar takardu ƙarshen wata. Na ce gobe-gobe zan tura.

An cire Dogo daga aiki na kwana biyu. 

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Manaja bai tabbatar da ni ba, bai kuma sallame ni ba. Ya ƙara min wata uku na gwaji, wai ba ni da saurin yanke hukunci. Na zata zan yi kuka. Ban yi ba.

Da safe ana rabon aiki, aka ce ni in zauna a ofis, wani ya tsaya a makunni. Dogo yana ɗaura bel ɗinsa na hawa turke, sai ya kwance shi ya ajiye a ƙasa.

"Yallaɓai, in ba ita ce a makunni ba, ni yau ba na hawa. Ina da jaririya a gida."

Sauran ukun suka tsaya, ba wanda ya ɗauki tsani. Manaja ya yi tsaki ya ce in je.

Yaya ya sake kira, gobe ne za su rufe. Na ce masa sabis ne ba kyau a nan. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kuma ba wai na fasa ba ne. Kawai dai gobe akwai aiki a layin asibiti, mutum huɗu za su hau, ai dole wani ya tsaya musu.