Yun Mai Walda

Asabar, 5 Shawwal 1403
Na kai tankar ruwa sansanin 'yan Koriya da ke bayan unguwar Jurf, can wajen iyakar Haramin birnin Manzo. Yun mai walda ya tsayar da ni shan shayi. Larabcinsa gutsi-gutsi, amma muna fahimtar juna. Ya tambayi asalina. Na ce nan aka haife ni, kakana ne ya tako daga ƙasar Katsina. Wane gari? Ban sani ba. Ya daɗe yana kallona.

Talata, 8 Shawwal
Yau da tsinke ya zana mini ƙasarsu a rairayi. Ya ce shekaru aru-aru suna tsakanin manyan ƙasashe: mahaya daga arewa sun ƙone ta, na teku sun ƙone ta, ba su daina zama Koriyawa ba. Wani sarkinsu na dā ya ƙirƙira musu haruffa don talaka ma ya iya rubutu. Zamanin Jafan aka hana harshen a makaranta, har suna aka sauya wa ubansa. Sai ya ja layi a tsakiyar zanen, ya ce nan yaƙi ya yanka. Yana ɗan shekara bakwai hannun uwarsa ya kuɓuce masa a tashar jirgin ƙasa. Shekara talatin da biyu ke nan.

Laraba, 16 Shawwal
Zafi. Ƙanwata Fatna ta ce Iyatu na tambayata. Tun rigimarmu da ita kan gonar dabino ban taka gidanta a Ƙuba ba, wata goma sha ɗaya. Uwata ce, na sani. Amma ita ta fara.

Lahadi, 20 Shawwal
Wasiƙa daga matar Yun. A talabijin ɗinsu ana nuna waɗanda yaƙi ya raba, kowa riƙe da allo mai sunan wanda yake nema. Wata tsohuwa ta fito da sunansa, har da tabon ƙuna a kafaɗa. Ya buɗe riga ya nuna mini. Ya nemi hutu, an ce sai an gama gadar da suke ginawa.

Alhamis, 2 Zulƙida
An ba shi hutun. Jibi zai tashi daga Jidda.

Asabar, 4 Zulƙida
Tsohuwar nan, uwar Yun, ta rasu shekaranjiya. Da safe waya ta zo, jakarsa a ɗaure. Ban san yadda suke ta'aziyya ba, sai na zauna kusa da shi kawai. Ya ce, "Badaru, ta san ina raye. Wannan dai ta sani." Duk da haka ya tafi. Ya ce akwai kabari, kuma shi ne ɗa.

Juma'a, 10 Zulƙida
Bayan masallaci hanya ta bi da ni ta Ƙuba, ba wai na shirya ba. Iyatu na tsince shinkafa a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka rame." Maganar gona ba ta taso ba. Na karɓi tiren na taya ta har la'asar. Idonta ba ya ganin tsakuwa yanzu, ba wanda ya gaya mini.
Gobe ma ina da aiki ta wajen.