Tsohon da Ya Sa wa Yatsuna Ido

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ki gaishe min da maigidanki da yara. Ni lafiyata ƙalau. Wankin kwanukan da nake yi ya ɗan farfasa min hannu, amma kada Inna ta ji.

Damuwata wani tsoho ne makaɗin jita, Kawu muke ce masa. Shi kiɗan jaz yake yi, a zaune, a natse. Mu matasa masu kiɗan rok kullum cewa yake hayaniya kawai muka iya. To me ya kawo shi ɗakin da muke gwaji? Sati uku ke nan yana zuwa, ya ja kujera ya ƙura wa hannuna na hagu ido ina kaɗa jita. Mai gangarmu ya ce salon kiɗan da Baba ya koya min yake son ɗaukewa. Na yarda, na koma fuskantar bango in zan kaɗa.

Jiya ya miƙo min jitarsa, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya ce, "Ɗana, ranar Asabar kai za ka zauna a kujerata a wajen wasa, ka kaɗa a madadina." Ina karɓa na lura yatsunsa biyu sun ƙi miƙewa. Nan da nan ya cusa hannun a aljihu.

Yaya, ko wannan ma dabara ce? Ki tambayar min Baba. In ba dabara ba ce, ku taya ni da addu'a, don na daɗe ina juya wa bawan Allahn nan baya.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Auta