Kilomita Casa'in da Biyu

Asabar, 3 ga Mayu

Yau Lauya ya ƙaryata ni a gaban mutane. Ƙanin matata, wanda da kuɗin waldata aka saya masa takalmin makaranta. Na haɗu da su a mararrabar bayan asibiti, shi da 'yan ƙungiyar kekensu, kowa ya matse cikin riga mai sheƙi kamar kifi. Wani ya tambaye ni nisan da nake yi ran Lahadi. Na ce kilomita casa'in da biyu, cikin awa biyu da rabi. Sai Lauya ya ce, "Yaya, a kan keke ko a bayan mota?" Suka tuntsire da dariya.

Na nuna masa mitata da ke ɗaure a hannun keken. Ya ce su ba sa aiki da irin wannan. Wai tasu na'urar tana zana hanyar da mutum ya bi, ta ɗora a guruf ɗinsu na waya, kowa ya gani. Tafiyar da ba a ɗora ba, wai ba a yi ta ba.

Shekara talatin ina auna ƙarfe. Ban taɓa kai wa mutum ƙyaure ya ƙi shiga ƙofarsa ba. Ni za a koya wa awo?

Lahadi, 4 ga Mayu

Na bi hanyata ta kullum, ta bayan gonaki har gada, na zagayo. Casa'in da biyu cif.

Na gaya wa uwar yara ƙaninta ba zai sake tako min gida ba sai ya janye maganarsa. Ta ce, "Maigida, a kan keke?" Na ce a kan mutuncina. Ta ci gaba da ninke kayanta, wai girman kai rawanin tsiya.

Talata, 6 ga Mayu

Na bar aikin tagogi na tafi shagon kayan kekuna. Matar da ke wurin ta fito da na'urorin auna tafiya iri uku. Ta farko irin tawa ce, mai ƙirga juyawar taya da mayen ƙarfe, ba ta aika komai ko'ina. Ta biyu tana aiki da tauraron ɗan'adam, tana riƙe hanya da nisa da gudu, in ka dawo gida ta tura wa wayarka. Ta uku tana da taswira mai launi, da wata ɗamara da ake ɗaurawa a ƙirji don auna bugun zuciya, kuɗinta kuwa ya kusa na injin yankan ƙarfe.

Na ce wacce ce lauyoyi suke saye? Ta yi murmushi ta nuna ta ukun. Sannan ta ce, "Amma Baba, ta biyun ta ishe ka, ta ukun sai an yi karatun takardarta sosai."

Karatu. Ita ma ke nan. Na ajiye mata kayanta na fita.

Laraba, 7 ga Mayu

Duk yini ina walda ina jin muryar nan: ko a bayan mota. Na ƙona sandar walda uku a banza.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na koma shagon. Na tafi da niyyar ɗaukar ta ukun don kowa ya san ba tsoron takarda nake ba. Da na riƙe ta a hannu sai na ga roba ce shar, fuskarta duk gilashi, ranar da keke ya faɗi ta gama yawo. Ta biyun tana da maɓallai na gaske, ana iya danna su ko da safar hannu, batirinta yana kai awa ashirin, ruwan sama ba ya shigarta. Na tambaya ko akwai hanyar da mutum zai ƙara wa kansa nisa a ciki. Ta ce babu. Na ce to ita nake so, don kada gobe wani ɗan boko ya ce na taɓa ta.

Ba don matar ta faɗa na ɗauka ba. Ni na duba da idona.

Uwar yara ce ta haɗa min ita da waya, ta kuma sa aka shigar da ni guruf ɗin. Na ce ta kashe turawar nan ta kai tsaye, ni zan danna da hannuna in na tashi. Ina so in ga lokacin da Lauya zai buɗe.

Lahadi, 11 ga Mayu

Arba'in da shida.

Na ɗaura su biyun gefe da gefe, tsohuwa da sabuwa, na bi hanyar nan dai da na saba. Tsohuwa ta ce casa'in da biyu. Sabuwa ta ce arba'in da shida. Ban ɗora ba. An sayar min da gurguwar na'ura, rabin hanya tana barci. Gobe za su ji ni.

Da na shigo uwar yara ta ce, "Ya aka yi, ka tura musu?" Na ce caji ne ya ƙare. Ƙaryata ta farko ke nan a wannan maganar, kuma Lauya ne ya ja min.

Litinin, 12 ga Mayu

Na ɗaga murya a shagon har mutane suka leƙo. Matar ba ta ko tashi daga kujera ba. Ta ce, "Baba, ba ka ce kai mai awo ne ba? Ka auna mita ɗari a ƙasa, ka tura keken, ka ga wacce ta yi ƙarya."

Na dawo wurin aiki na ɗauko tef ɗina, babban, na ƙarfe. Na ja daga bakin ƙofar shagona har ƙarshen katangar ma'ajiyar katako. Na auna sau biyu kamar yadda nake yi wa kowane aiki. Mita ɗari. Na tura keken. Sabuwa ta ce ɗari. Tsohuwa ta ce ɗari biyu.

Na sake. Na sake. Har sau biyar.

Dogo mai gyaran keke yana zaune a kan bencinsa yana kallona tun ɗazu. Ya taso ya tsuguna gaban tayar, ya juya ta a hankali, ya tsayar. Ya ce, "Mai walda, wa ya sa maka wannan?" Na ce ni, shekara biyu ke nan, tun ranar da likita ya ce hawan jini zai kayar da ni in ban motsa ba. Ya ce, "Mayen ƙarfe nawa ka gani a kwalin?" Na ce biyu, na sa ɗaya nan ɗaya can, don nauyin tayar ya daidaita. Ya dafe kai. Ashe ɗaya ake sawa, na biyun na ajiya ne in na farkon ya ɓata. Duk juyi ɗaya mitar tana ƙirga biyu.

Ya ce ai an rubuta a takardar. Takardar da na kunna wutar walda da ita a ranar.

Na ce in ya gaya wa kowa, kada ya ƙara kawo min ko kujerar keke in liƙa masa. Ya ce bakinsa da zare da allura, amma kafaɗunsa suna ta rawa don dariya.

Talata, 13 ga Mayu

Shekara biyu ina gaya wa likita, da kwastomomi, da duk wanda ya tsaya a shagon nan. Ba ƙarya na yi ba, abin da na gani na faɗa. Amma wa zai tsaya ya bambance?

Wane irin kamfani ne zai zuba abu biyu a kwali alhali ɗaya ake so?

Alhamis, 15 ga Mayu

Na yi tunanin in yi zagayen sau biyu ran Lahadi, in ɗora casa'in da biyu na gaske. Sai na tuna na'urar tana rubuta lokaci. Awa biyar za ta nuna, in ma na kai. Ni na zaɓi wadda ba a iya taɓawa, da bakina na tambaya.

Uwar yara ta ga tafiyar Lahadin a wayar, tana nan ba a tura ba. Ba ta yi dariya ba, gara ma ta yi. Ta ce, "Arba'in da shida a shekarunka, da keken ƙarfe mai nauyin injin niƙa. Shi da kekensa kamar gashin tsuntsu nawa yake yi?" Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce ta sani, ita dai ƙaninta take so ya dawo yana cin abinci a gidan nan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na danna, na ɗora tafiyar Lahadin a guruf. Ban rubuta komai a ƙasa ba sai: tsohuwar mitar ce ta yi kuskure. Na ajiye wayar a aljihun tebur na koma kan tagogi.

Da azahar na duba, ba don komai ba. Lauya ya rubuta, "Yaya, hawan gadar nan da ka yi, rabinmu tura keken muke yi a wurin. Gobe ƙarfe shida, mararraba." Bai ce a yi haƙuri ba. Ni ma ban ce ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na je, don kada a ce tsoro na ji. Kilomita talatin da takwas. A hawan gada na wuce mutum shida, har da shi, yana haki kamar tsohon zugazugi. Na'urar ta rubuta, na kuma ɗora tun kafin in sauka daga keken.

Ya biyo ni gida wai zai sha ruwa. Na ce wa uwar yara ta ba shi a bakin ƙofa. Yanzu haka yana falo, a kan kujerata, ya cinye rabin abincina.

Na cire mayen ƙarfe ɗaya na manna takardar sabuwar na'urar da shi a jikin ƙyauren shago. Na kai shafi na huɗu. Rubutun ne ƙanana.