Rigar Kaka Ta Dawo daga Faransa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Sale ne, telanki na unguwar Zahir a Makka, wanda yanzu ya zarce shekarun da kika yi a duniya. Rahma, 'yata ta fari, ita ke rubutawa, don kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ƙorafi na kawo, kuma ya daɗe a cikina. Inna, ba ki yi mini adalci ba. Cikin 'ya'yanki akwai masu karatu, amma da ciwon ajali ya zo, hannun tela kika riƙe. Kika ce, "In ka sami Baba, ka rufe masa jiki." Kika tafi kika bar ni da magana, babu sunan gari, babu sunan mutum.

Labarin ban manta ba. Kina ɗinkin hula a bakin ƙofa kike ba mu shi. Mahaifinki, Kaka Jibo, ya baro Tsibiri a ƙasa yana saurayi da niyyar aikin Hajji. A Masar guzurinsa ya ƙare. Wani Bafaranshe mai zane ya gan shi a kasuwa, ya ce ya zo ya tsaya masa, zai biya masa jirgin ruwa zuwa Jidda. Ya sa shi ya tuɓe riga da hula, ya ɗaura masa wani ƙyalle a ƙugu, ya ba shi takobi, ya tsayar da shi a bakin wata ƙofa. Kika ce har ya rasu a nan Makka, duk sa'ad da ya tuna sai ya ce, "Ina can a ƙasar mutane, kai ba hula."

Matan unguwa dariya suke yi miki. Da kin fara sai su ce, "Ga ta Masar nan ta taso." Kina jinsu, ba ki taɓa ɗaga kai daga allurarki ba. Ni nake zuwa bayan gida in yi kuka.

To, Inna, na same shi.

Shekaru na yi ina damun Rahma, tana duba mini zanen Turawan da suka je Masar a jawwal ɗinta, wato wayar hannu. Wata rana bayan la'asar ta shigo shago ba sallama, ta miƙo mini. Ga tsagar Gobirawa a kumatu. Ga kunnen hagu da raƙumi ya gutsure, kamar yadda kika faɗa. Ga tabon salla a goshi. Amma abin da ya zaunar da ni idanun ne. Naki ne, Inna. Ban sake ganin idanunki ba tun ranar da muka kai ki, sai a fuskar mutumin da ban taɓa sani ba. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ko mura ba ta taɓa sa ni yi ba.

Rahma ta karanta mini tarihin mai zanen. Sunansa ba zan faɗa ba, shi ma bai faɗi na Kaka ba. An rubuta komai nasa. Ɗan mai kanti ne a wani ƙaramin gari, ya tafi babban birninsu ya zauna a gaban wani gwani, yana wanke buroshi kafin a bar shi ya zana ko yatsa. Ya shiga makarantar masu zane ta gwamnati, ya ci gasa, sarakunansu suka rataya masa lambobi. Ya yi ta zuwa Masar yana komawa da akwatunan riguna da takubba, yana zana kasuwanni da masallatai. Ya yaye almajirai masu yawa. Da ya tsufa, yara masu tasowa suka ce aikinsa ya yi santsi da yawa, ba rai a ciki, suka yi ta yi masa ba'a. Wannan ɓangaren na ce ta maimaita mini, don ya yi mini daɗi. Har ciwon da ya kashe shi an sani.

Shi kuwa mahaifinki, abin da aka rubuta a ɗan allon da ke ƙarƙashinsa shi ne: bawa mai gadin ƙofa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya iya aiki. Ni mai sana'ar hannu ne, na san wanda ya zauna ya duba. Har kaushin ƙafar Kaka ya zana, ƙafar da ta taka sahara. Wannan ne ya fi ci mini rai. Wanda ya ga duk wannan ya san ba bawa ya tsayar ba. Kin san sau nawa aka jefe mu da wannan kalma a layukan garin nan, mu da kakanninmu suka zo da ƙafarsu don Allah. Ashe har a bangon Turawa tana jiranmu.

Na yi abin da na iya. Na sayi farin yadi mai kyau, na auna faɗin kafaɗarsa da ido daga hoton, na ɗinka babbar riga, na yi mata aikin wuya da hannu, ko da yake likita ya hana ni sa zare a allura. Na haɗa da hula irin ɗinkinki. Muka aika ta gidan waya zuwa gidan tarihin da yake rataye a Faransa. Ban ce su shafe zanensu ba. Cewa na yi su rataye rigar kusa da shi, su rubuta sunansa.

Ta dawo, Inna. An buɗe ta, an ninke ta kamar zanen gado, aikin wuyan ya karye a tsakiya. Da 'yar takarda a sama, wai sun gode amma ba sa karɓar kyauta. Rahma ta yi ta rubuta musu, na'ura ce ke amsawa. Babban ɗana ya ce, "Khalas ya abuya, ya isa haka Baba, fenti ne a kan ƙyalle." Ban yi masa magana ba har aka yi sallar layya.

Yanzu ido ya tafi, gwiwa ta tafi. Harami ma a keke ake tura ni. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona in iso ki tambaye ni, in ce miki na gan shi, na bar shi yadda yake. Ke da ba ki taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Allah Ya jiƙanki, Innata. Ya haɗa ki da mahaifinki cikin tufafin Aljanna. Shi ma mai zanen, hisabinsa yana wurin Wanda Ya fi mu sani.

Ki yi haƙuri in juya ga masu leƙen wasiƙar nan. Na san akwai Hausawa a Faransa, masu karatu, masu jin bakinsu. Wani ya tashi ya je. Ya nemi mutum mai rai a gidan tarihin nan, ya gaya masa sunan wanda ke bango Jibo ɗan Mamman, mutumin Tsibiri, ɗa ne ba bawa ba, alhaji ne, a Makka aka binne shi. Su canza allon, ko su gaya mini dalilin da ya sa ba za su canza ba. Ko wanne ne, da bakin mutum nake so in ji, kuma ba ni da lokacin jira.

Ɗanki,
Sale Tela, Zahir, Makka