Mai Masaukina Ya Koma Kwanan Baranda

Gwaggo Mairo, ki taimake ni kafin in ƙarasa ɓata abin da na soma ɓatawa, don da alama ina da baiwa a wannan fannin.

Ni ne shugaban 'yan rakiya a wata ƙungiyar agaji a unguwar New Bell, a birnin Duwala. Mu bakwai ne, dukkanmu mun taɓa kwanan titi, kuma da wannan digirin kaɗai aka ɗauke mu aiki. Mukan nemo marasa wurin kwana, mu zauna da su, mu raka su har su samu ɗaki. Tun da rikici ya ɓarke mutane ke kwararowa Duwala, wasu daga yankin Arewa Mai Nisa, wasu daga wajen Bamenda. Ni ma haka na zo daga Mora shekara bakwai da suka wuce, da leda ɗaya. Wata biyu na yi a barandar shaguna kafin Baba Badamasi mai ɗinkin hula ya shimfiɗa min tabarma a zaurensa. Bai tambaye ni komai ba. In maƙwabta sun yi magana sai ya ce baƙonsa ne, shi ke nan.

Bara magadan mai gida suka sayar da gidan da yake zaune, yanzu a barandar masallaci yake kwana. Duk unguwa an sani, kuma duk unguwa an yarda cewa gadin masallaci yake yi. Masallacin da babu abin sata a ciki sai butoci da agogon da ya tsaya tun ban zo garin ba. Ga damina ta kama, kin san ruwan Duwala ba ya sallama, ga shi yana tari.

Ɗaki ɗaya ya samu a gidan ƙungiyarmu. Madam Zulfa, shugabar ofis, ta ce nasa ne in ya sa hannu a takarda cewa ba shi da gida, ya kuma faɗa da bakinsa a zaman da muke yi da sauran marasa wurin kwana. Ranar Juma'a za a rufe sunaye.

To ni gwanin aiki, sai na sa rigar ƙungiya mai tambari a gadon baya, na ɗauki fayil, na tare shi bayan sallar La'asar a gaban dattawan majalisa. Na karanta masa tambayoyin da ƙarfi yadda aka koya mana, har da wadda ke cewa tun yaushe kake kwana a waje. Ya dube ni, ya gaishe ni kamar yau ya fara ganina, ya tambayi mutanen wurin ko sun san ɗan gidan wa ne wannan ma'aikacin. Kwana huɗu ke nan bai amsa sallamata ba. Na ji zafi, kuma na ji kunya.

Abin haushin, ni labarina na ba da shi ya fi sau talatin, da Faransanci, a gaban masu ba da tallafi, har da wurin da nake tsayawa su share hawaye. A unguwa dai ban taɓa ba, can an san ni da ɗan ofis, surukaina ma ɗan'uwan Baba suka ɗauke ni. Yanzu in sa masa hannun da kaina, ko in bar shi da gadinsa?

Tsohon ɗan baranda, New Bell

AMSA

Ɗana, sannu da aiki. Mutum ya rufa maka asiri shekara bakwai, kai kuma ka rama masa da karanta nasa a gaban majalisa, da fayil. Da ka ari lasifikar ladan ma, da an huta.

Kada ka sa masa hannu. Ƙarya ce, in ta fito ɗakin ya tafi, aikinka ya bi shi. Ita ma Madam Zulfa ba don mugunta ta riƙe takardarta ba. Ɗaki ɗaya ne, masu bukata ɗari, dole a san wa aka ba. Amma dattawan unguwar da suka kira shi mai gadi su ma ba wawaye ba ne. Abin da suke da shi ke nan da za su ba shi, suka ba shi, duk da cewa mutunci ba ya tare ruwan sama.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin Madam gobe ka raba mata abu biyu: sa hannu dole ne, amma ana iya yinsa a ɗaki, mutum biyu. Faɗa a gaban taro kuwa ba sharaɗin da za a ɗora wa dattijo ba ne, kuma kai ne shugaban zaman, kana da bakin faɗin haka. Sannan ka tuɓe rigar, ka roƙi liman ya raka ka wurin Baba, ka durƙusa ka ba da haƙuri. Ka gaya masa gidan ƙungiyar cike yake da sababbin zuwa da ba su san kowa ba, suna bukatar babba. Wannan gaskiya ce, kuma aikin da ya fi ka iyawa ne.

Saura babban. Kana so tsoho ya faɗi da Hausa abin da kai ba ka iya faɗa sai da Faransanci, ga baƙin da za su hau jirgi su tafi. A majalisar da ka kunyata shi, can za ka tsaya ka faɗi inda ya tsince ka, ko da surukanka na zaune. Wataƙila duk da haka ya ƙi ɗakin, wannan haƙƙinsa ne. Amma ba za ka sake tambayar wani tun yaushe yake kwana a waje ba kana ɓoye naka watannin biyu.

Ka yi kafin Juma'a. Allah ya ba Baba lafiya da wurin kwana mai rufi, kai kuma ya ba ka ƙarfin hali.

Gwaggo Mairo